Basarke a Jirgin Masu Ƙirga Jariran Kifi

Tun da na dawo daga teku ban huta da tambaya ba. Ranar Juma'a, kafin in kai ga takalmina a ƙofar masallacinmu na East Greensboro, sai wani ya riƙo hannun rigata: "Malam Sani, yaya ruwa? Ina tsaraba?" A shagon Malam Idi kuwa, mutumin Maraɗin nan da muke sayen nama da garin tuwo a wajensa, har kujera ake jawo mini. Na gaji da maimaitawa. Na kuma lura cewa duk sanda na sake ba da labarin, jarumtata ƙaruwa take yi, igiyar ruwan ma tana ƙara tsawo. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi tun gaskiyar ba ta gama sulalewa ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a nan Greensboro, garin da babu kogin da za ka nuna wa baƙo ba ka ji kunya ba. Asalina Yauri, kuma Basarke ne ni gaba da baya, wato jinin Sarkawa masunta. Kakana a cikin kwalekwale ya tsufa, a kan kogin Kwara. Ni dai boko ya ɗauke ni tun ina yaro, rabona da kwalekwale tun gemu bai fito mini ba, amma hakan bai hana ni gaya wa duk mai saurare cewa mu ruwa ya san jininmu ba.

'Yata ta fari, wadda muke kira Ummi don sunan mahaifiyata gare ta, tana digirin dakta a wata tashar binciken teku da ke gabashin jihar nan. Dakta dai, amma ba irin wanda jama'a ke so ba. In aka tambaye ni me take karantawa sai in ce harkar kifi, mai tambayar kuwa ya yi irin shirun nan na ta'aziyya. Aikinta ƙirga jariran kifi, waɗanda ba su daɗe da ƙyanƙyashewa ba, domin a yi hasashen yawan kifin da za a samu nan gaba.

Wata rana cikin hunturu ta kira mu. Ta ce ƙidayar da suka yi bara ta nuna jariran sun ragu ƙwarai in aka gwada da ta mutanen da, kuma akwai wani kwamiti da ke duba ko za a rage wa masunta kwanakin fita saboda haka. Ita kuwa zuciyarta ba ta kwanta ba. Masu ƙidayar can baya raga mai ƙananan ido suka ja, galibi kuma bayan faɗuwar rana. Su na yanzu raga mai manyan ido, da rana tsaka. Tana so ta ja ragogin biyu a jere, a ruwa ɗaya, lokaci ɗaya, ta ga ko kifin ne ya ragu ko ragar ce ta canza. An ba su jirgi na 'yan kwanaki, in wannan ya wuce sai baɗi, tallafin karatunta kuma ba zai kai baɗi ba. Sannan ɗalibin da zai taimaka musu ya karye a wajen ƙwallo.

"Baba, ka zo mana. Hannu kawai muke nema. Ba kai kake cewa ruwa ya san ku ba?"

Hajiya, mahaifiyarta, tana gefe tana yanka albasa. Kafaɗunta kawai na ga suna rawa don dariyar da take dannewa.

Labari ya bazu kafin in gama haɗa kaya. Malam Idi ya kawo mini wata ƙatuwar kula, wadda shi yake ce wa gilasiya, ya ce in ciko ta da kifi. Dakta Bashir, likitan nan da ke zaune a Summerfield inda maƙwabtansa dawaki suka fi mutane yawa, shi ma ya kira ni. Ya ce akwai gurbin da zai dace da Ummi a ɗakin gwaje-gwajen asibitinsu, aiki mai inuwa da mutunci. "Ka yi mata maganar a can, Malam. In sanyi ya buge ta za ta fi saurara." Na karɓi saƙon da hannu biyu, domin abin da na daɗe ina so ke nan.

Na kama hanya bayan sallar asuba, na wuce Raleigh da cunkosonta, ƙasa ta miƙe shimfiɗe, gonaki sun yi fayau sai karan auduga. Wajen Kinston yunwa ta kama ni. A wannan yankin duk gidan abincin da ka gani da hoton alade a allonsa, yana murmushi, sanye da hular kuku, yana gayyatar mutane su zo su ci 'yan'uwansa. Na zaɓi wanda ba shi da hoto na shiga. Matar da ke kawo abinci, wadda ta kusa sa'ar Hajiya, ta dube ni ta ce, "Me za ka ci, zumata?" Na waiga in ga wa take nufi. Daga baya na ji ta faɗa wa wani tsoho marar haƙora haka nan, hankalina ya kwanta, ko da yake raina ya ɗan sosu. Na ce a ba ni dafaffen ganye. Ta ce da naman alade aka dafa. Wake fa? Shi ma. Na ce to me aka dafa da ruwa zalla? Ta yi tunani mai tsawo, ta kawo mini wasu ƙwallayen masara soyayyu masu kama da ƙosai, da shayi mai ƙanƙara wanda aka zuba wa sukarin da zai ishi walimar suna.

Garin da tashar take ƙarami ne, bayan New Bern, inda hanya ke ƙarewa don babu sauran ƙasa. A ƙofar tashar jirgin akwai shinge da mai gadi, kuma ban ga bambancinsa da na kan iyakar ƙasa ba sai dai bai tambaye ni na goro ba. Ya juya lasin tuƙina, ya gwada kiran sunan mahaifina ya fasa. Ya buɗe but ɗin motata ya ga kula.

"Wannan fa?"

"Ta kifi ce," na ce.

Ya dubi sunan jirgin da zan shiga a takardarsa, ya sake duban kular, ya ɗaga mini shinge yana cije leɓe.

A bakin jirgin na tarar da wata mata mai furfura, da wando yagagge a gwiwa, tana wanke ƙasa da tiyo. Na gaishe ta da kyau, na miƙa mata jakata, na ce ta taimaka ta nuna mini ɗakina. Ta karɓa ba musu, ta saɓa a kafaɗa. Muna cikin tafiya Ummi ta fito, ta dube ni, ta dubi jakar, fuskarta ta sauya.

"Baba, wannan ce Farfesa Linda. Ita ce shugabata."

A jami'o'inmu farfesa ko birinsa wani ke riƙe masa. Wannan kuwa har ƙasa ta kai mini jakar, kuma ɗalibanta Linda suke ce mata gatsal, kamar wata ƙanwar bayansu. Ɗakin da ta kai ni, gadajensa kamar kantar shago suke, ɗaya bisa ɗaya, kowanne da katako a gefe don kada mutum ya mirgino. Na yi dariya na ce yara ake yi wa wannan. Butata kuma da na ajiye a ƙofar ban ɗaki, bayan ɗan lokaci na nema na rasa, sai a kicin na same ta, kuku ya wanke ta tas ya jera ta kusa da tukunyar shayi. Ban yi masa bayani ba, shi ma bai nema ba.

Kafin mu tashi Ummi ta kawo mini wata 'yar ƙwaya da ruwa, ta ce ta hana jiri ce, kowa ya sha har Farfesa. Na ce Basarke ba ya shan maganin ruwa. Ta ce to, ta ajiye mini ita a aljihun rigar ceton da suka ɗaura mini.

Muddin muna cikin mashigin da ƙasa ta kare, ni ne sarkin hira. Na tsaya kusa da kyaftin ɗin, wani jibgegen mutum mai suna Dale wanda maganarsa ke fitowa ta hanci, ina ba shi labarin giwan ruwan da kakana ya kama. Muna fita daga mashigin, jirgin ya ɗaga kai sama kamar zai yi addu'a, ya faɗo, ya karkata. Kwara tafiya take yi gaba. Wannan ruwan sama da ƙasa yake yi, da hagu da dama, duk a tare. Ƙwallayen masarar Kinston su suka fara fita. Abin da ya biyo baya ba na rubutawa ba ne. Na dai gane amfanin katakon gefen gado, na kuma haɗiye ƙwayar nan a ɓoye, bayan ta riga ta makara. Salla ma sai a zaune. Na tambayi Dale alƙibla, ya duba na'urarsa ya nuna mini daidai, na kabbara, kafin in kai ruku'u ya juya jirgin.

Da na iya tsayawa aka ba ni aiki. Ragar tasu zobba biyu ne na ƙarfe manne da juna kamar tabarau, kowanne da doguwar jaka mai tsukewa, a ƙarshenta ɗan gwangwani. Ɗaya jakar idonta kamar rariyar tankaɗe, ɗayar kamar ƙyallen tace koko. A bakin kowane zobe akwai 'yar farfela da ke juyawa tana auna yawan ruwan da ya ratsa. Inji ya sauke su can ƙasa da igiyar ƙarfe, jirgi na tafiya a hankali, a jawo su a karkace har sama. Nawa aikin shi ne in feshe jakar da tiyo daga waje don komai ya gangara cikin gwangwanin, a juye a bokiti, in an kwashe cikin kwalabe in wanke bokitin. Kwalaben kuwa sifirit ake cika su da shi, wato ni da na je Makka na wuni ina warin barasa.

A nan na ga wata Ummi da ban sani ba. Yarinyar da a gida ba ta haɗa ido da ni, ga ta da hular kwano a kan ɗankwali, tana ɗaga wa mai inji hannu, tana ba da umarni da Turanci, in ta juyo kaina ta sauya harshe ba ta sauya murya ba: "Baba, riƙe nan! Ba nan ba, can! Matsa daga ƙarƙashin igiya!" Ni kuwa in riƙe, in matsa.

Jan farko da na gani da idona, na leƙa bokitin ina neman kifi. Ruwa ne ɗan gurɓatacce, kamar wanda aka wanke shinkafa. Na ce ba a dace ba ke nan. Ummi ta ɗebo kaɗan a wani faranti na gilas, ta ɗora a kan baƙin allo, ta miƙo mini madubi mai ƙara girma. Sai da na daɗe kafin na ga ɗigo biyu baƙaƙe suna tafiya tare. Idanu ne. Jikin da ke bayansu garau yake kamar ruwan, bai kai yankan farce ba.

"Wannan ne kifin?"

"Shi ne. In ya rayu zai kai tsawon hannunka. Yawancinsu ba sa rayuwa."

Na tuna kular Malam Idi da ke ɗaure a bayan jirgi, na gane abin da ya sa mai gadi cije leɓe.

Ni malamin lissafi ne, na saba da cewa abu in ka ƙirga shi ka gama da shi. Na faɗa mata haka. Ta ce ai matsalar ba a ƙirgar take ba, a wanda ya shigo ragar take. Waɗanda suka ɗan tasa, da rana suna hango ragar tafe su kauce. In duhu ya yi ba sa ganinta, sai a kama su da yawa. 'Yan mitsi-mitsin kuma ta idon babbar raga suke zurarewa. In ka ce to a riƙa jan mai ƙananan ido kullum, ita kuma gansakuka ke toshe ta, ta koma tura ruwa gaba maimakon tace shi. Tana wannan bayani ni kuwa ina tuna aikin ƙidayar jama'a da na taɓa yi ina ɗalibi. Magidanci ya hango mu da jaka, ya bi ta bayan danga a zatonsa masu haraji ne. Uwa kuma ka tambaye ta 'ya'yanta, ta lissafa duka ta tsallake na fari don kunya. Muka dawo da adadi tsaf a rubuce, har da sa hannu. Na ba Farfesa wannan labari da Turanci, ta yi dariya har da buga cinya, ta ce za ta faɗa wa 'yan ajinta.

Jan bayan faɗuwar rana ban ga ko ɗaya ba, ina can bayan katakona. Amma iyakar ruwa na gan ta, kuma ita ce abin da ya fi ba ni mamaki a tafiyar. Wata la'asar Dale ya ƙwala kira daga sama. Muka fito, sai ga layi a kan teku kamar an ja da alli: ta wajenmu ruwa kore mai duhu, ta can shuɗi garau, ciyawar ruwa da kumfa sun jeru a tsakani. Muna tsallakawa iska ta yi ɗumi, har wani tururi ke tashi. Ummi ta ce wannan gefen wani babban kogi ne na ruwan ɗumi da ke gudu a cikin tekun daga kudu zuwa arewa. Ba shi da gaɓa, yau ya matso kusa da ƙasa, gobe ya ja baya, wani lokaci ya yanko ƙato ya bar shi yana juyi. Jariran kifi ba su da ƙarfin iyo, inda ya kai su nan suke, kuma a bakin layin nan suke taruwa. Na ce wato kamar motocin da ke kwaso 'yan ci-rani su kai su ƙauye ranar ƙidaya. Ta ce kusan haka, sai dai wannan direban ba ya faɗin ranar zuwansa.

A kan layin suka ja ragar, kuma da ta fito har Farfesa sai da ta yi fito da baki. Ruwan bokitan biyu ya yi kauri. Ummi ta leƙa, ta dafe ƙirji, ta ce wannan shi ne abin da ta zo nema. Iska ta fara tashi. Ta ɗauki bokitin raga mai manyan ido ta shige ciki da shi don ta juye a kwalabe, Farfesa ta hau wajen Dale kan maganar yanayi, mai inji ya tafi ɗaure kaya. Aka bar ni ni kaɗai, kuma a karon farko tun fitowarmu cikina lafiya lau, kaina garau. Na ji ina son in yi abin kirki ba sai an ce in yi ba. Na ga bokiti a ɗaure a gefe da ruwa mai datti, a daidai inda ake ajiye mini na wanki. Na kwance shi, na watsar a teku, na cuɗe shi da kyau ciki da waje, na kife shi ya tsane.

Ummi ta fito ta nufi inda bokitin yake. Ta tsaya. Ta ɗaga shi, ta leƙa ƙarƙashinsa kamar wani abu zai ɓuya a can.

"Baba, ina ruwan da ke ciki?"

Hannuna ne ya nuna teku da kansa.

Abin da ta faɗa da Turanci ta faɗe shi, da ƙarfin da ya sauko da Farfesa daga bene ya fito da kuku daga kicin. Ba zagi a ciki. Tambaya ce kawai take maimaitawa, me na yi, me na yi, wa ya ce in taɓa. Tun da aka haife ta ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. A Yauri da wannan ya isa a tara dangi. Na buɗe baki in tuna mata ko ni wane ne, na ga hawaye na bin gefen hancinta, na rufe. Bokiti ɗaya ba ya gwada komai. Sai da ɗan'uwansa yake da amfani, ɗan'uwan kuwa na mayar da shi inda aka ɗebo shi.

Farfesa ta wuce ni ta koma sama. Ta roƙi Dale ya koma. Ya yi gunaguni kan iska, amma ya juya, ya bi na'urarsa har ta nuna mun dawo daidai inda muka ja ragar ɗazu. Babu layi. Ruwa kore ko'ina, mai sanyi. Suka ja duk da haka, ragar ta fito da wasu halittu masu yauƙi kamar dafaffen sitaci, jariran kifi kuwa sai ka yi da gaske ka ga ɗaya.

"Amma nan ne wurin," na ce. "Na ga lambobin da idona."

"Wurin ne," in ji Farfesa. "Ruwan ne ba shi ba."

Na ga wata 'yar ƙofa ta fita kunya, na bi ta. Na matsa kusa da Ummi na ce, "To ai ga shi kin gano wani abu. Wuri ɗaya, raga ɗaya, ɗazu cike yanzu wayam."

Ba ta ɗago ba. "Baba, wannan tun a shekarar farko aka koya mana."

Abincin yamma kifi ne da dankali, kuku ya yi shi musamman saboda mu, ba wanda ya ci na kirki. Na hau wajen Dale don nan ne kaɗai ba a kallona. Ya ce ƙaninsa masunci ne, haka ubansu, haka kakansu. Ya ce shi ba masoyin masu ƙirga ba ne, domin duk sanda suka zo da kwalabensu wani ne ke ɗaure jirginsa a gaɓa. "Amma 'yarka ita ce ta farko da na ji ta ce wataƙila kuskuren nasu ne. In kifin ya ƙare da gaske, gara mu sani. In bai ƙare ba, kada a zaunar da ƙanina a gida saboda idon raga." Ya ce iskar ba za ta yi tsanani ba sai hantsi, zai bi layin nan da sassafe ko ina ya gudu. Na fara yi masa godiya, ya ce ba don ni ba ne.

Da gari ya waye muka same shi can nesa, ya ja baya sosai. Jirgin na tsalle, ruwa na dukan mu ta gefe, suka ja ragar, suka sake ja. Bai kai na jiya kauri ba, Ummi da kanta ta faɗa, amma bokitai biyu ne kowane ja, kuma duka sun isa kwalba. Ni an canza mini aiki, an ba ni kallon igiya in faɗa in ta karkace. Bokitan kuma yanzu da murfi, an liƙa wa kowanne farin tef, an rubuta da manyan baƙaƙe da Hausa: BABA, KADA KA TAƁA. Farfesa ta tambayi ma'anarsa, aka fassara mata, ta ce a bar shi haka, za ta so a rubuta a duk bokitan tashar.

A hanyar komawa na sami Ummi zaune a kan akwatin kwalabe, ta rungume kofin shayi. Ba ni da bakin isar da saƙon kowa a ranar, amma amana ce. Na zauna, na dubi ruwa, na faɗa mata maganar Dakta Bashir yadda ya faɗe ta, ban ƙara gishiri ba. Ta juyo ta dube ni.

"Kai me ka gani, Baba?"

Na daɗe ina shirya amsar wannan tambaya, tun daga Greensboro, da hujjoji a jere. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Na ga ba ki gama nan ba."

Ta gyaɗa kai, ta miƙo mini kofin na kurɓa.

Masu tambayata ko kifin ya ragu ko bai ragu ba, ku yi haƙuri, ni ma na tambaya. Ta ce sai ta yi watanni a kan madubin likita tana tsince su ɗaya-ɗaya da ɗan hantsaki, kuma ko ta gama, abin da za ta iya gaya wa kwamitin shi ne nawa ne daga ragin nan laifin raga da rana, nawa ne kuma ba ta sani ba. Malam Idi, kai kuma gilasiyarka tana lafiya. Akwatunansu ba su isa ba, aka jera sauran kwalaben a cikinta, tana can tana yi wa ilimi hidima.

Da muka sauka, ƙasa ta riƙa yi mini rawa kamar jirgin bai tsaya ba. Na sa jakata a mota, wannan karon da hannuna. Dale na tsaye kusa yana naɗe igiya. Ummi ta rako ni har ƙofar mota, da takalman roba har gwiwa, rigarta duk gishiri. Na ce to sai mun yi waya, Allah ya yi albarka. Sai kawai ta durƙusa a kan kwalta, gwiwa biyu, kanta a ƙasa, yadda uwarta ta koya mata tun tana ƙarama.

"Baba, ka yafe mini. Na ɗaga maka murya a gaban mutane."

Na tsaya da makulli a hannu. Ni na zubar mata da mafi kyawun abin da ta samu a shekara, ita ce a ƙasa tana neman gafara, kuma al'ada ba ta tanadar mini wata kalma ba sai guda. Na ce na yafe. Na ce ta tashi, ba ta tashi nan take ba.

Dale ya ajiye igiyarsa ya matso, ya sunkuya da ƙyar yana dube-dube a ƙarƙashin motar.

"Wani abu ta yar?" ya tambaye ni.

Na kama hannunta na ɗaga ta. Na ce masa, "A'a. A gidanmu ni ne mai zubar da kaya."